Ruwan Rijiya a Kwalbar Fadama

Magajiya, Suleja,
14 ga Agusta, 1996.

Zuwa ga Yaya Hamdiyya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da babansu. Yaya ƙafar Inna?

Yaya, tun Talatar makon jiya hankalina bai kwanta ba. Malam Muhsin ya dawo ya ce daga fadamar bayan Kurmin Sarki yake. Na ɗauki takalmansa na roba zan wanke, sai na tarar babu ko ɗigon laka a jikinsu, ga shi muna tsakiyar damina.

Kin san aikinsa. Ofishinsu na Abuja ke tura shi ya ɗebo ruwan fadamu, ya tace da wata raga mai laushi kamar mayafi, ya zuba a kwalabe, sannan ya ƙirga ƙananan halittun da ke ciki a madubin ƙara girma. Muna amarci ya taɓa nuna min. Ɗigo ɗaya ne, amma kamar kasuwar Suleja. Akwai masu tsalle irin na ƙuma, akwai mai ido ɗaya da ke jan jaka biyu na ƙwai, akwai masu juya gashin kai kamar fanka. Ya ce su ne abincin 'ya'yan kifi. Bara iri goma sha tara ya samu a wannan fadamar, har ya sayo min balangu don murna.

Yanzu ya daina ba ni labarinsu. A littattafan soyayya da nake arowa, idan miji ya yi shiru haka, to mace ce. Na shinshina rigunansa, na laluba aljihu, babu wasiƙa, babu baƙon turare. Kada ki gaya wa Inna.

Ƙanwarki,
Safara'u.

2 ga Satumba, 1996.

Yaya Hamdiyya,

Ina gaishe ki da kowa na gida. Na ga amsarki, kin ce in rage karatun littattafai in yi haƙuri. Na rage. Ba mace ba ce, kuma da mace ce da na san babin da nake ciki.

Ranar Asabar da hantsi ina tsintar shinkafa a ɗaki, na hango shi ta taga a bakin rijiyarmu. Ya ja guga, ya cika kwalabe shida, ya liƙa musu takarda mai sunan fadama. Da ya tafi sallar azahar na ɗiga ruwan a madubi kamar yadda ya koya min. Wayam, sai ɗaya ko biyu ke yawo. A littafin aikinsa ya rubuta iri uku.

Asibi, mai kawo mana busasshen kifi, ta ce wani kamfani ya kafa turaku a bakin fadamar. Za su cike ta da ƙasa su gina gidaje, takarda kawai suke jira da za ta nuna ruwan ya mutu. A nan mijinta da mutanen ƙauyensu ke kamun tarwaɗa. Sai na tuna wani mai farar mota da ya zo wurin Malam sau biyu, suka tsaya a waje, ko ruwa bai sha ba.

Na tambaye shi cikin lallashi. Ya ce ruwa duk ruwa ne, kuma rayuwa ba littafin soyayya ba ce. Bai kalle ni ba yana faɗa. Ban sani ba ko tsorata shi aka yi, ko alkawari aka yi masa.

Taki,
Safara'u.

9 ga Satumba, 1996.

Yayata,

Da fatan kun wuni lafiya. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi.

Na yi laifi. Ranar Alhamis na ce zan je kasuwa, na ɓoye ragarsa a mayafi, Asibi ta raka ni fadama. Laka har gwiwa. Na tace ruwan na cika kwalba. Da na dawo na duba a madubi, halittun suna nan, Yaya, suna ta tsallensu. Ni da na tsaya a aji uku na sakandare, iri goma sha ɗaya na iya bambantawa.

Na ajiye masa kwalbar bayan ya ci abinci, na roƙe shi ya gyara rahoton kafin ya miƙa wa shugabarsu, Madam Nnenna. Ya daɗe da idonsa a kan madubin, har na sa rai. Da ya ɗago sai ya ce ranar da kwalbar nan ta bar gidansa, in bi ta.

Yau Litinin ya tafi da rahoton yadda yake.

Ina son mijina, kuma shi ya koya min ganin waɗannan halittu da idona. Ki share min ɗakin Inna ko za a buƙata. Na naɗe kwalbar a zani, gobe da safe zan shiga motar Abuja in kai wa Madam Nnenna.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Safara'u.