Ɗankunnen Daimon da Yagaggen Kunnena

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni mai ɗinkin labule da zanen gado ce. Da keken nan nawa na karantar da 'yata tilo har ta zama injiniya, ta gaske, mai hular kwano. Gadar da ke bayan kasuwarmu da hannunta a ciki, kuma duk wanda ya shigo shagona sai ya sha labarin, ko da zare ya zo saye. Ni ma Injiniya nake kiranta. Ƙanwata ta ce na cika baki, na ce ta bar ni in cika, ai da abin cikawa.

Bara da aka yi mata ƙarin girma ta kawo mini ɗankunne na daimon a ɗan akwati. Daimon fa, Anti, har da takardarsa. Na yi kuka na yi dariya. Na kai shi shago na nuna wa maƙwabta, har mai gyaran takalmi sai da ya leƙa. Amma yana nan ƙasan akwatin kayana, ban taɓa sa shi ba.

Kunnena na dama a yage yake, fatar ta rabu biyu. Injiniya ta sani, shi ya sa ta haɗa kyautar da likita, wai ta yi magana da wanda zai ɗinke, aikin ɗan lokaci ne. Ni kuma sai zullewa nake yi, yau in ce aiki ya yi yawa, gobe in ce mura. To yanzu wajen aikinsu za su karrama ta wata mai zuwa. Ta ce a layin gaba zan zauna, kuma da ɗankunnen take son ganina. Shekaranjiya a waya ta ce in kyautar ce ba ta yi mini ba, in faɗa mata kawai. Yadda muryarta ta yi sanyi ya sosa mini rai ƙwarai.

Abin da ba ta sani ba shi ne ita ta yaga kunnen. Tana rarrafe zazzaɓi ya kama ta, da rana tsaka ta sandare a hannuna, idanu suka juye. Babanta yana wajen aiki. Na saɓa ta a kafaɗa na fita da gudu ko takalmi babu. A hanya jikinta ya saki kamar jiƙaƙƙen yadi, har na fara salati. Daf da ƙofar asibiti sai na ji ɗan hannunta ya damƙi ɗankunnena ya fizga. Jini har wuyan rigata, amma wallahi ban taɓa jin daɗin ciwo irin wannan ba, don a nan na san tana da rai. Da ta yi wayo ta tambaye ni, na ce ƙusar ƙofa ce, saboda yarinya ce mai sa abu a rai. Babanta ya rasu bai faɗa mata ba.

Ita gani take tabon wahala ne, tana so ta goge mini shi. Ni kuwa ba na son allura ta taɓa shi. Ina alfahari da kunnen nan kamar yadda nake yi da gadarta.

Na je wajen maƙerin zinare a ɓoye. Ya ce zai iya cire duwatsun biyu ya dasa su a zobe, ko in ba shi ɗankunnen ya musanya mini da sarƙa. Zoben ne ya kwanta mini, don hannuna kullum yana kan yadi a gaban mutane, kunne kuwa ɗankwali ya rufe. Ƙanwata ta ce in sayar in sayi keken zamani, ita dama duk abin da ta gani sai ta yi masa farashi, har da ni. In yi zoben in je mata da shi ranar? Ko in daure a ɗinke? Tsorona kar ta ɗauka na raina kyautarta, ni da ba ni da kowa sai ita.

Uwar Injiniya

Uwar Injiniya, sannu da ƙoƙari, kuma ki ci gaba da cika bakinki, kin cancanta.

Mu fara da mai sauƙi. Maganar sayarwa ki ajiye ta. Daimon idan ya bar shago ba kasafai yake mayar da abin da aka saye shi ba, kuma keken ɗinki kina iya saya wa kanki, kin yi abin da ya fi haka. Musanya da sarƙa ma ban so ba, don duwatsun da ta zaɓa miki da idonta za su koma kunnen wata. Zobe shawara ce mai kyau. Kunnen kuma naki ne, ba wanda zai tilasta miki ɗinki.

Amma kar ki yi zoben a ɓoye. Ki duba ta ɓangarenta. Yarinyar nan ta taso tana ganin uwa mai wahala, abu na farko da ta samu hali ta ce bari ta gyara abin da take zaton ƙusa ta ɓata. Ba kunyar kunnenki take ji ba, so take ta saka miki. Idan kika bayyana ranar karramawa da zobe, za ta ga an wargaza kyautarta ba da saninta ba, a ranar da ba za ki samu sararin yin bayani ba. Zullewar da kike yi yanzu ma tana yi mata ciwo fiye da gaskiyar da kike ɓoyewa.

Kin ɓoye ne don tana ƙarama mai sa abu a rai. Yanzu mace ce da ake ɗora wa nauyin gada, za ta iya ɗaukar wannan. Ki kira ta gida tun kafin ranar, ba a waya ba, ku zauna ku biyu. Ki ba ta labarin yadda kika rubuto mini shi, da gudun, da jinin, da daɗin. Za ta yi kuka, wataƙila ta ce ki yafe mata. Ki gaya mata ba abin yafewa, don ba ta taɓa ba ki kyautar da ta kai wannan yagar kunnen ba.

Daga nan ku tafi wajen maƙerin tare, da takardar daimon ɗin a hannu. A auna duwatsun a gabanku kafin a cire, kuma ki bar ta ta zaɓi fasalin zoben, kyautar ta ci gaba da zama tata. Idan aikin bai kammala kafin ranar ba, kar ki damu, ki je haka. Za ta leƙo layin gaba daga kan dandamali, kuma wannan karon ta san abin da ke ƙarƙashin ɗankwalin.

Allah ya ƙara mata ɗaukaka, ya bar ku tare, ke kuma ya ƙara wa keken albarka.