Kafin Rijiya ko Bayanta

Daren Laraba, ƙauyenmu Baudeta, shekara goma da hawan soja mulki, damina ta sake ƙin zuwa.

Tun farin da ya cinye mana shanu ban ji tsoro irin na yau ba. Jikana Issufu ya zo daga Yamai. Ya gama karatun likita, wasu Turawa za su biya mishi kuɗin jirgi ya je ƙasarsu binciken ciwon da ke kumbura ƙafafun yara lokacin yunwa. Amma wanda bai cika talatin ba suke ɗauka, shi kuwa ba a rubuta haihuwarshi ba. Alƙalin Tasawa yana son tsohon da zai shaida shekarunshi.

"Tsoho, ka ce ba ka mantuwa," in ji Issufu yana dariya. "Kafin haƙa rijiyar kasuwa aka haife ni, ko bayan? Shekararta na rubuce wurin alƙali."

Na ce sai na tuna. Wallahi ban manta ba. Bayan ne, da ruwanta aka dafa tuwon sunanshi. Shekarunshi ba su wuce ba.

Ubanshi ma cewa ya yi zai je Kano ya dawo, wancan farin. Har yau shiru. In na ce kafin ne, Issufu zai zauna, in samu mai sa ni a rami. Sa'o'ina duk sun mutu, ba mai ƙaryata ni. Wannan sauƙin ne ya hana ni barci.

Da la'asar kuma na ga ƙafar ɗiyar maƙwabcina ta kumbura, an danna yatsa, ramin bai ciko ba.

Gobe daga masallaci tasha zan wuce in hau motar Tasawa, ba zan biyo ta gida in ga fuskar Issufu ba. Zan ce wa alƙali bayan ne.