Datar Kwana Ɗaya

Litinin, 1 ga Satumba

Na zama kaka. Bari in sake rubutawa, hannuna ya ji daɗi: na zama kaka.

'Yata Auta ta sauka da hantsi, namiji. Mijinta ne ya kira ina tsakiyar yanka ƙafar teburi. Na ajiye zarto, har yanzu ban san inda na ajiye shi ba. Na fita bakin titi na gaya wa mai faci, na gaya wa mai aski, na gaya wa wani bawan Allah da ya tsaya tambayar hanya. Ya yi min barka ya wuce, hanyar ma ban nuna masa ba.

Sai dai bakwaini ne. Saura wata biyu ya yi gaggawa. An sa shi a kwalba. Surukina ya ce likita ya ce a yi ta addu'a. Na ce ai dama ita muke yi.

Tsohuwa, matata, ta fara haɗa kaya. Tafiyar kwana biyu ce a mota, ni kuwa gwiwata ba za ta kai ni ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Na raka Tsohuwa tasha. Shekara talatin da shida da aure, ba ta taɓa nisa da ni haka ba. Ta ce, "Malam, ka riƙa cin abinci, kada in dawo in tarar da kai kamar sandar awonka." Na ce, "Je ki wurin sabon angonki, ai na san an yi min ƙwace." Ta yi dariya. Sannan ta kama hannun rigata ta riƙe, a gaban mutane. 

Gidan ya yi faɗi.

Alhamis, 4 ga Satumba

Surukina ya ce da ina da babbar waya da ya nuna min yaron ina daga nan. Tawa 'yar ƙarama ce mai tocila, kira kawai ta sani. Na rufe shago na tafi wurin Dogo mai sayar da waya, wanda duk tsawonsa bai kai kafaɗata ba.

Ya jera min guda biyar a kan gilashi. Na tambayi kuɗin sabuwa ta cikin kwali, da ya faɗa sai da na nemi kujera. Ya ce in bar kallon kwali, in gaya masa me zan yi da ita. Na ce jikana zan gani, shi ma ya gan ni. Ya ce to abu uku zan duba: ta riƙe caji, ta yi ƙara, kyamarar gabanta ta fito da fuska. Ya ɗauko wata ta hannu mai tsaguwa a kusurwa kamar silin gashi. Na ƙwanƙwasa bayanta, na rufe ido ɗaya na duba gefenta ko ta karkace. Ya ce, "Baba Kafinta, ba ƙyauren ƙofa ba ce fa."

Gilashin wayar ya ƙi sanin yatsana, kanta ta yi wa hannuna yawa. Duk hannuna ɗan ƙaramin yatsa kaɗai take ji. Da shi zan riƙa aiki.

Sai maganar data. Ya miƙo takarda ya ce bari ya karanta min. Na ce ya bari, shekara biyun da na yi a ajin yamma ina zama cikin 'ya'yan cikina ba a banza na yi su ba. Na karanta a hankali, har ƙananan rubutun ƙasa. Iri uku ne: ta kwana ɗaya, ta mako, ta wata. Ta wata ta fi araha nesa ba kusa ba, ko yaro ya gani.

Na ce ya sa min ta kwana ɗaya.

Ya ce, "Baba, ka karanta kuwa?" Na ce na karanta.

Juma'a, 5 ga Satumba

Na gan shi.

Da farko hancina na gani ya cika waya, sai surukina ya ce in matsar da ita baya. Sannan ga shi. Tafin ƙafarsa bai kai babban yatsana ba. Roba a hanci, wayoyi a ƙirji, an rufe masa ido da ɗan ƙyalle. Ƙirjin yana sama yana ƙasa da sauri kamar wanda ya yi gudu. Amma yana da farce. Na ga farce guda biyar, kowanne an gama shi tsaf.

Muryar Tsohuwa daga baya: "Ka ga angona? Ya fi ka kyau." Na ce, "Ya fi ni gashi dai." Aka juyo da wayar wurin Auta. Ta rame. "Baba" kawai ta ce, ni ma "Auta" kawai na ce.

Na sa masa suna Ɗan Kwalba. Bayan an kashe na zauna a kan bencin aiki ina ta dariya ni kaɗai, sai na ga gaban rigata ya jiƙe.

Lahadi, 7 ga Satumba

Ya sha nono cokali guda ta roba, bai dawo da shi ba.

Talata, 9 ga Satumba

Kullum kafin in buɗe shago sai na biya wurin Dogo ya sa min ta ranar. Abin da ban cinye ba gobe war haka ya ƙone. Yau ya ce, "Baba Kafinta, wallahi kuɗinka nake ci, kuma ba ya min daɗi. Ko ta mako ce ka ɗauka mana." Mai aski yana wurin, ya ce a ƙyale ni, son ganin Dogo ne yake kawo ni kullum. Na bar su a haka.

Alhamis, 11 ga Satumba

Abin da ban gaya wa Dogo ba zan gaya wa takarda.

Cikin Tsohuwa na fari yana wata biyar na fara yin gadon jariri. Katako mafi kyau da ya taɓa shigowa shagona na ware. Na goge shi har yana ɗaukar ido, na yi masa sanduna goma sha biyu kowane gefe, na auna tsakaninsu don kada kai ya shiga. Maƙwabta suna zuwa kallo. Ni kuma ina ta baki: a nan zai kwana, a nan zai fara miƙewa, in ya girma ƙannensa su gada.

Kwana tara ya yi a ciki.

Bayan rasuwarsa Tsohuwa ta ce in fitar da gadon daga ɗakin. Ban iya fasa shi ba. Na zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, na kai katakon bayan shago, ruwa ya cinye shi.

Tun daga ranar ban ƙara yi wa yaro tanadin gobe ba. Ita kanta Auta sai da ta fara tafiya da ƙafarta na saya mata takalmi. Na sani sarai ba gado ne ya kashe shi ba, kwana na Allah ne, ko yanzu aka tambaye ni haka zan faɗa. Kaina ya sani. Hannuna ne bai sani ba. Datar wata kwana talatin ce. In na saya, kamar na ce ina da kwana talatin ɗin a aljihu ke nan.

Allah ya yafe min in wannan tunanin laifi ne.

Lahadi, 14 ga Satumba

Zazzaɓi ya kama shi. An hana kowa shiga sai uwarsa. Na jingina wayar da gwangwanin ƙusa tun safe, ba ta yi ƙara ba. Datar yau ta ƙone ban taɓa ta ba.

Litinin, 15 ga Satumba

Haka.

Talata, 16 ga Satumba

Tsohuwa ta kira daga barandar asibiti. Ta ce, "Malam, yaron yana jin jiki." Yaron ta ce. Ba ta ce angona ba.

Na tambaye ta ko ta ci abinci, ta tambaye ni ko na ci, duka muka ce e.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na kafa wa kabad ƙofa a juye. Shekara arba'in ina wannan aiki. Matar da ta ba ni aikin ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta dube ni, ta ce za ta dawo wani makon.

Na sayi ta yau. Ban san don me ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Zazzaɓin ya sauka.

Da azahar waya ta yi ƙara har na zubar da gwangwanin ƙusa. Tsohuwa ce ta cika gilashin, tana cewa, "Angona ya ƙi tafiya, ya ce sai ya ga wanda zai kora daga gidan." Na ji dariyar Auta, rabona da ita tun kafin ta haihu.

Auta ta ce in yi masa magana, za ta kara wayar a 'yar ƙofar kwalbar.  Me ake gaya wa mutumin da bai kai nauyin gudumata ba? Sai na fara gaya masa yadda ake gane katakon da ya bushe da wanda bai bushe ba, da dalilin da ya sa ba a buga ƙusa kusa da baki. Auta ta ce, "Baba, ci gaba, yana motsa ƙafa." Na ci gaba har data ta ƙare a tsakiyar magana.

Na koma wurin Dogo na sayi ta kwana ɗaya karo na biyu a rana guda. Ya kama kai.

Laraba, 24 ga Satumba

Kullum yanzu sai mun yi darasi ni da Ɗan Kwalba. Mun gama katako, mun shiga fenti.

Dogo ya tare ni yau ba wasa a fuskarsa, ya ce in gaya masa gaskiya. Na gaya masa kaɗan, ban kai ga sandunan ba. Ya shiga goge gilashin da ba datti. Can ya ce shi ma akwai wata riga a ƙasan akwatin matarsa da ba a taɓa sawa ba. Bai ƙara min maganar ta wata ba.

Talata, 30 ga Satumba

Surukina ya kira, kiran murya, ba na hoto ba. Tun daga nan na san akwai magana.

Labari biyu ne. Na farko, likitoci sun ce yaro ya kama hanya, mako mai zuwa za a fitar da shi daga kwalba in Allah ya yarda. Na biyu, likitan ido ya duba shi. Na hagu babu. Na dama wataƙila ya riƙa gane haske, wataƙila.

Surukina ya fashe da kuka, babban mutum, malamin makaranta. Na gaya masa abin da manya suke faɗa. Muryata ba ta yi rawa ba, na yi mamakin kaina.

Da ya kashe na zauna ina kallon wayar. Ni da na tsaya ina zaɓen kyamarar gaba don ya gan ni. Har aski na yi ranar Asabar.

Ban san wanne zan riƙe ba cikin labaran nan biyu. In na ɗauki ɗaya sai ɗayan ya faɗo min a ƙafa.

Laraba, 1 ga Oktoba

Ban je wurin Dogo ba.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Dogo ya rufe shagonsa ya zo da kansa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa, ya ce, "Baba Kafinta, lafiya dai?" Na gane abin da yake tsoro. Na ce yana nan da ransa. Ya sauke numfashi ya zauna a kan katakon mutane. Na gaya masa sauran. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na ce amin. Mun daɗe zaune.

Asabar, 4 ga Oktoba

Auta ta kira.

"Baba, fushi kake da mu?"

Na ce wane irin fushi.

"Kwana huɗu ba ka kira ba. Jiya ya ƙi kwanciya, na yi waƙa, Inna ta yi waƙa, ya ƙi. Kai ya saba da kai."

Na ce ban san me zan nuna masa ba yanzu.

Ta ce, "Dama me ka taɓa nuna masa? Tun ranar farko idonsa a rufe yake. Surutunka yake so, Baba, shi kuma Allah ya hore maka." Tana dariya, amma hancinta a toshe.

Ita ce uwar, ita ke kwana a kujerar asibiti wata guda, kuma ita ce take lallashina. Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ranar da na fara zama a aji ban iya rubuta sunana ba.

Ta kara masa wayar. Na ce, "Kai, ɗan ƙwace, ni ne." Ta ce ya juyo da kai.

Litinin, 6 ga Oktoba

An fitar da shi daga kwalba da safe. Yana ƙirjin uwarsa. Tsohuwa ta ce sai in nemo masa wani sunan.

Na biya wurin Dogo na ce ya ba ni takardar nan in sake dubawa. A bayanta akwai wani tsari da ban lura da shi ba wancan karon: data kaɗan, mintunan kira da yawa. Shi ya fi dacewa da mu yanzu, darasi ba ya son a yanke shi a tsakiya. Na ɗora yatsa a kan layin ƙasa, na wata. Dogo ya dubi layin, ya dube ni. Na ce, "Me kake kallo? Sa min, ina da aiki." Ya sa.

Ba wani abu ba ne. Tsarin ne ba shi da na kwana ɗaya mai kyau, shi ke nan.

Saƙo ya shigo ina hanya, wai zai ƙare ranar 5 ga Nuwamba. Na tsaya a gefen titi na karanta kwanan watan sau biyu. Sannan na mayar da wayar aljihu na ci gaba da tafiya.

Gobe za mu fara yadda ake haɗa kusurwa.