Masu Cin Tukunya Ɗaya

Gure, bayan ƙaramar salla, 1997

Aminina Burahima,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina mutanen Damagaram? Yaya idon nan naka? Mu nan lafiya lau, ban da gwiwata. Wannan rubutun hannuna ne, karatun yamma bai tafi a banza ba.

'Yan kasuwarmu sun kafa asusun lafiya. Mutum ya zuba nasa a shekara, in ciwo ya zo asusu ya ɗauki magani, har da motar kai maras lafiya Damagaram. Kati iri biyu ne: na mutum ɗaya, da na gida mai tsada. Ni na zaɓi na mutum ɗaya, tunda 'ya'ya duk sun yi aure, kuma matata Zinariya ko mura ba ta yi. Da na gaya wa matar nan sai ta ce na gida ko babu. Na tambayi dalili, ta juya baya tana tankaɗe. Daga ranar miya ta rasa gishiri, fura ta rasa nono. Na sayar da ɗan akuyana na yanki na gida.

To ga masifa. Komiten asusun ya ce gida shi ne duk masu cin tukunya ɗaya. Da maganar ta bazu, sai maƙwabta suka tuna da zumunci. Yabawa mai gyaran rediyo yana zuwa da tarinsa daidai lokacin kwashe tuwo. Ibram mai kanwa har cokalinsa yake kawowa, wai tun tuni yana jina kamar wansa. Buhun hatsina yana ramewa, su suna ƙiba. Ka taya ni addu'a.

Ka gaida iyali.
Naka, Sadi

Gure, farkon damina, 1997

Aminina Burahima,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, albishirinka! Na yi jikoki, ba jika ba. Tagwaye, mace da namiji! Ka yafe karkatar layin nan.

Ka san autata Zaituna da ke aure a Kelle. Ashe tun lokacin rigimar kati uwarta ta san tana da ciki, kunya ce ta hana ta faɗa mini. Tunda na fari ne, aka kawo ta gida goyon ciki. Mijinta Abdulrazak kuwa katin mutum ɗaya ya yanka wa kansa, irin wayon da na so yi.

Ungozomar gidan likita ta duba ta, ta ce biyu ne, ɗaya kuma a gicciye, sai an kai ta babban asibitin Damagaram kafin naƙuda. Burahima, sai na hau lissafi. Ko na sayar da rumfata ba zan iya wannan hidima ba. Na ruga wurin komite da katina, shugaban ya ce 'ya mai aure ta gidan mijinta ce. Na koma gida ina share ido da hula.

Zinariya ta miƙe. Ta sauke tukunyar tuwo daga murhu, ta yi gammo ta aza a ka, ta ratsa tsakiyar kasuwa da ita tana tururi, ni ina biye kamar ɗan rakiya. Ta dire ta gaban komite, ta ce ga gidan ta kawo, su tambaye shi. Shugaban ya ce tukunya ba ta ba da shaida. Sai ga Yabawa da Ibram, waɗanda suka biyo ƙanshin tun daga ƙofar gida. Yabawa ya rantse tun zuwan yarinyar nan bai ƙara ganin ƙanzo ba. Ibram ya ce cin mutum uku take yi, ga cokalinsa a bushe, kowa ya duba. Komite ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ba da mota. Tuwon ma a nan suka cinye shi.

Na zo garinku ban neme ka ba, ka yi haƙuri, hankalina ba ya jikina. An yi mata aiki, ta tashi lafiya, yanzu muna gida ana wankan jego. Amaryata sabuwa kuka gare ta kamar kakarta, angon kuwa ya fara hararata.

Jiya shugaban ya zo barka, ya ce cikin wasa jariran ba sa cikin kati tunda nono suke sha. Zinariya ta tambaye shi, nonon daga wace tukunya yake fitowa? Da kansa ya sa su a kati.

Abdulrazak ya canja katinsa. Yabawa da Ibram kuwa yanzu ni ke aika a kira su. Don Allah ka sayo mini tukunyar dalma mafi girma a kasuwarku, ka taho da ita suna.

Zinariya tana gaishe ka, miya ta koma daidai.
Naka, kakan tagwaye,
Sadi