Maganin da ba ya son ƙamshi

Yaya,

Wai ke ma haka kike shan wannan azabar duk wata, muna gida ɗaya ban taɓa sani ba? Yi haƙuri, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum. Ya Inna da ƙafar tata? Ya maigidanki da yara? Ni lafiyata ƙalau, aikin kamfanin sabulun ma na fara gane kansa. Matata ce ba lafiya.

Watanmu huɗu a garin nan, kuma duk sanda al'adarta ta zo sai ta kwana biyu a dunƙule a ƙasa, ta ƙanƙame ƙafar gado, ga amai ga zufa. Ranar da na fara gani na ɗauka mutuwa za ta yi, na fita neman taimako ba takalmi. Ita kuwa cewa take ba komai, haka mata suke.

Wani abokin aikina ya kwatanta min wani mai magani a saman shagon masu gyaran waya. Homiyofati ake ce wa nasa. Ba allura ba ɗaci, 'yan ƙwayoyi ne farare masu zaƙi. Ta ce kunya ba za ta bar ta ta yi wannan maganar gaban namiji ba, sai na tafi ni kaɗai. Yaya, mutumin nan awa guda yana min tambayoyi. Wai tana son taga a buɗe ko a rufe? In tana kuka aka lallashe ta, ƙaruwa yake ko raguwa? Tana tsoron tsawa? Na ji nauyin in ce ban san matata ba, sai na yi ta amsawa da ka. Ya duba wani ƙaton littafi ya miƙo min kwalba.

Ta sha har wata ya zagayo. Jiya ciwon ya dawo kamar ba a yi komai ba. Kin ga ƙaryata ce ta ɓata maganin. Na kasa zaune na kasa tsaye. Don Allah kar Inna ta ji.

Ki gaida kowa.
Ƙanenki, Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Takardarki ta iso, faɗan ma ya iso. Kin ce in kai ta asibiti, ban kai ta a lokacin ba, kar ki zage ni tukuna.

Zama na yi na tambaye ta komai ɗaya bayan ɗaya, tana ta min dariya. Ashe sanyi take ji, ni kuma kullum ina wangale mata taga. Na koma wurin mutumin da amsar gaskiya, ya canja kwalba. Zan fito sai ya shinshina ni, ya tambayi inda nake aiki. Da na ce kamfanin sabulu, sai ya ce ai shi ke nan, ƙamshi mai ƙarfi kashe maganinsu yake, kuma ni ne ƙamshin.

Sati uku ina wanka da ruwa zalla a famfon tsakar gida, in ƙulle kayan aikina a leda in bar su ƙarƙashin bene, in shimfiɗa tabarma in kwana a bakin ƙofa. Matar mai gidan haya har ta zo yi mana sulhu, wai aure ɗan haƙuri ne. Na fara tunanin barin aikin ma.

Yau da safe ciwon ya dawo, ya fi na kullum. Ta miƙe za ta ɗauki bokiti sai ta sulale. Ni ina ƙofa da rigar aiki, ina tsoron shiga kar in kashe magani. Da ta buɗe ido sai ta ce, "Bawan Allah, shigo ka ɗaga ni. Na gaji da kai da kwalbarka. Kai ni inda Yaya ta ce."

A bencin asibiti nake rubuta miki. Likitar mace ce, ta wanke ni tas. Ta ce ciwon da ke sumar da mutum ba a zama da shi a ɗaki, kuma sabulu bai yi laifin komai ba. An yi mata allura, ta samu sauƙi. Za a ɗauki hoton cikinta a ga dalili. Ban san me za a gani ba. Ki sa mu a addu'a, yanzu kam ki gaya wa Inna.

Ga shi an turo keken marasa lafiya da za a kai ta ɗakin hoto, ta ce ba za ta hau ba sai ina riƙe da hannunta. Dole in tafi.

Ƙanenki, Auta