Littafina a Hannun Dubagari

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Allah Ya raya mana su, Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu ma nan lafiya lau. Mama na nan kan keken ɗinkinta, ƙafar ta daina kumbura. Kaka kuma hawan jinin ya sauka, jiya har ƙarin abinci ta nema. Mama ce ta ce in sanar da ke yadda aka ƙare, wai tunda da ni aka yi. Kin san ni da waya, da na ji muryarki sai in rasa abin cewa, shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar kai Kaka wurinki ce. Kin tuna Baba ya ce in wata ya ƙare karnukan maƙwabcinmu Injiniya ba su daina haushi ba, sai ki turo mota, tunda likita ya ce barcin rana ya zame mata magani. A lokacin sai da na shiga banɗaki na yi kuka. Shekara shida muna ɗaki ɗaya da ita. Ban san yadda zan kalli gadonta babu kowa a kai ba.

Karnukan biyu ne, ya kawo su tun da aka sace masa injin wuta, ya ɗaure su a bayan katanga daidai tagarmu. Sau biyu Baba na yi masa magana, yana rantsuwa cewa karnukansa ba sa haushi. Kuma ba ƙarya yake yi ba, Yaya. Ƙarfe bakwai yake fita, sai yamma yake dawowa, in yana gida kuwa ko tari ba sa yi. Baba ya je ofishin ƙaramar hukuma, aka ce maganar 'yan sanda ce. 'Yan sanda suka tambaya ko sun ciji wani, da ya ce a'a, suka ce ya koma inda ya fito. Daga baya aka turo wani ma'aikaci da ƙarfe biyar da rabi, karnukan suka yi ta kaɗa masa wutsiya, ya rubuta cewa babu matsala. Baba ya dawo yana cewa ashe su ma sun san ma'aikacin gwamnati. A zuwa na huɗu ne ya dace da wata mata dubagari. Ita ta ce baki ba ya shiga fayil, a kawo mata a rubuce: mako biyu, kowace rana, ƙarfe nawa suka fara, ƙarfe nawa suka daina.

Aikin ya faɗo kaina, tunda mun gama jarrabawa, kuma kullum ina bakin taga da littattafan soyayyar nan da Mama ke cewa za su cinye min ido. Abin da ba ki sani ba, ni ma ina rubuta nawa labarin a wani littafi mai shuɗin bango. Shi ne kullum a hannuna, sai kawai na juya shi na fara rubuta lokutan haushin daga baya. A rana ta uku na taka akwatin Kaka na leƙa ta saman katanga. Sai na ga da ƙarfe sha ɗaya inuwa take barin wurin, sarƙarsu gajera ce, suna ja sai su kifar da kwanon ruwan. Ba sa yin shiru sai ƙarfe uku, in inuwar tankin ruwa ta iso kansu. Ranar da aka yini da hadari, ko sau ɗaya ba su yi haushi ba. Duk na rubuta. Tausayinsu ma ya kama ni.

Na yi niyyar kwafewa a takarda mai kyau, amma Baba awa ɗaya kacal aka ba shi a wurin aiki, ya ce in sa hijabi mu tafi haka. Muka zauna a benci ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa, aka kira mu. Dubagarin babbar mace ce, da tabarau rataye da igiya a wuya. Na miƙa mata littafin, kafin in buɗe baki ta buɗe shi daga gaba. Yaya, na so ƙasa ta tsage in shige. Ina kallo ta karanta shafi ɗaya, ta shiga na biyu, daidai inda likitan cikin labarina ya tsayar da motarsa cikin ruwan sama ya ba yarinyar da yake so lema. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta ce lallai karnukan unguwarmu sun iya kalamai. Baba ya tambaya me aka rubuta, ta ce babu komai, ta juya littafin. Da ta gama duba bayan, ta ce ba a taɓa kawo mata ƙara da dalilinta a ciki ba sai yau. Ta riƙe littafin wai za ta kwafa.

Ranar Talata da tsakar rana sai ga ta babu sanarwa. Ta zauna a bakin gadon Kaka minti goma tana saurare, sannan ta kira Injiniya a waya ta ce ya bar abin da yake yi ya zo. Da ya shigo ɗakinmu ya ji da kunnensa, sai ya cire hula ya rasa inda zai ajiye ta. Ya durƙusa ya ce wallahi bai sani ba, Kaka ta yafe masa. Kaka ta ce ta yafe, amma wata uku ke nan suna kawo mata ƙararsa ta taga, ita kuwa ba ta jin yarensu. Dubagari ta ba shi kwana bakwai ya mayar da su ɗaya gefen gidan, ya yi musu rumfa, ya kafe kwanon ruwa. A kwana uku ya gama. Har yanzu suna ɗan yi in motar shara ta wuce, amma ba ya wuce minti biyu.

Saboda haka kada ki turo motar. Baba ya ce Kaka na nan. Ki yi haƙuri, na san kin gyara mata ɗaki har da sabon labule.

Saura abu ɗaya, kuma don Allah kada ya kai kunnen Baba. Da Dubagari za ta tafi ta miƙo min littafina, ta raɗa min cewa ta karanta duka, likitan ya cika surutu, amma tana son sanin ko ya dawo karɓar lemarsa. Kaka, wadda in an kira ta shan magani ba ta ji, wannan ta ji shi sarai. Yanzu kullum bayan azahar sai na karanta mata shafi ɗaya. Ta ce ita ba ta yarda da likitan nan ba, tunda har yau ba a ga danginsa ba. Ba ta taɓa kai ƙarshen shafin ba, Yaya. Barci ke ɗauke ta, ni kuma in ci gaba da karantawa a hankali har in gama.

Ki gaida maigidanki da surukarki, ki shafa min kan 'yan biyu. Mama da Baba suna gaishe ku. Kaka ta ce ki aiko da labulen, tunda nata ne.

Taki har kullum,
Autar Mama