Ba Bokaye Nake Wa Shara Ba

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki, da su Baba da yara. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai sanyin ɗakin kwamfutoci da ke tsattsaga min hannu wajen goge-goge. Ba komai, kar ki faɗa mata.

Yaya, raina a ɓace yake! Wai don na ɗora hoton wajen aikinmu a sitatus, shi ne Gwaggo ta kai wa Baba cewa bokaye masu duba taurari nake wa shara? Har ya ce in tattaro in dawo? Haba! Mutanen da ko gobensu ba su sani ba, jiya ma ruwan sama ya jiƙa ogarmu sharkaf. Wani ɗan jan ɗigo suke wuni kallo a kwamfuta. Oga ta ce tarin taurari ne, haskensu ya taso tun ba a yi duniyar nan ba, sai yanzu ya iso, shi suke aunawa, binciken kimiyya ke nan. Haske ya yi wannan daɗewar a hanya, amma gulmar Gwaggo, kafin in ajiye waya ta isa gida!

Don Allah gobe ki kai wa Baba wayarki. Oga ta yarda in zagaya da shi ɗakin ta bidiyo. In ya ga ko laya ɗaya, da kaina zan haɗa kayana. In bai gani ba, a kira Gwaggo ta maimaita a gabana.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Auta